Rami 18 Babu Alƙalin Wasa: Yini Guda a Filin Golf

A Kano da Kaduna da Zariya da Jos da Abuja akwai wani irin fili da ɗalibai da yawa ke wucewa ta gefensa kullum, amma ba su taɓa leƙa cikinsa ba. Makeken fili ne mai itatuwa, galibi a tsohuwar unguwar da Turawan mulki suka zauna. Daga bakin titi ba a hango komai sai mutum uku ko huɗu suna tafe a natse, samari na biye da su da dogayen jakunkuna a kafaɗa. Ba ihun 'yan kallo, ba raga, ba usur. Wannan shi ne filin golf, wasan da wasu ke kira ƙwallon lambu.

Duk wanda ka tambaya zai ce maka wasan masu kuɗi ne. Akwai ƙamshin gaskiya a maganar, domin sandunan suna da tsada, shiga ƙungiyar ma sai da kuɗi. Amma tunda gani ya kori ji, a wannan makon mun ɗauki jakarmu mun tafi filin garinmu don mu kawo muku yadda abin yake daga ciki. Mu faɗa muku tun farko, mu ba gwanaye ba ne. Muna cikin rukunin da ya fi yawa a wasan, wato masu matsakaiciyar iyawa, waɗanda in sun yi bugu ɗaya mai kyau sai biyu masu dama-dama su biyo baya. Daga irin wannan matsayi ne aka fi ganin abin da wasan yake nema a wurin mutum.

Yadda wasan yake

Cikakken fili yana da ramuka 18. Kowane rami yana da mafari, inda ake ɗora ƙwallo a kan ɗan tsinke a yi bugun farko. Daga nan sai gwadabe, wato shararriyar hanya mai gajeriyar ciyawa, wadda doguwar ciyawa da itatuwa da kwarin yashi, wani lokaci har da ruwa, suka yi wa ƙawanya. A ƙarshe akwai farfajiya mai santsi, a cikinta ramin yake, an kafa masa tuta. Faɗin bakin ramin milimita 108 ne kawai, kamar bakin kofin shayi. Ita kuwa ƙwallon, faɗinta bai gaza milimita 42.67 ba, nauyinta kuma ba ya wuce giram 45.93.

Abin da ake so shi ne ka kai ƙwallonka cikin ramin da bugu mafi ƙaranci. A nan mai ƙaramin adadi ne ke cin wasa, saɓanin ƙwallon ƙafa. Kowane rami yana da awonsa, wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi: gajeren rami awo 3, matsakaici awo 4, dogo awo 5. In an haɗa duka 18 yawanci yakan kama 70 zuwa 72. Wanda ya gama rami da bugu ɗaya ƙasa da awo, a Turancin wasan sai a ce ya yi "ɗan tsuntsu". Wanda ya ɗara awo da bugu ɗaya kuwa ya yi "bogi". Kada ku ruɗe da bogin da muka sani na kayan jabu. Bogin golf halal ne, kuma shi ne abincin yau da kullum na irinmu.

Doka ta yarda ɗan wasa ya riƙe sanduna har 14, ba ƙari. Mafi tsawo ita ce "direba", ta bugun nesa. Sai ƙarafa masu lamba: ƙarfe mai lamba 5 yana kai ƙwallo nesa a ƙasa-ƙasa, mai lamba 9 yana cilla ta sama ta faɗo kusa, saboda fuskarsa ta fi kwanciya. Sai sandar gangarawa, wadda ake turo ƙwallo da ita a farfajiya. Masu karatun kimiyya ga abin lura: ƙananan lotsattsun da ke jikin ƙwallon, waɗanda yawanci sukan kai 300 zuwa 500, suna rage turjiyar iska, suna kuma taimaka mata ta tashi. Da sumul take, da kusan rabin tafiyar kawai za ta yi.

Daga Sukotlan zuwa tudun Jos

Golf irin wanda ake yi yau a ƙasar Sukotlan ya girma. Tun a 1457 Sarki James na Biyu ya haramta shi, saboda yana ɗauke hankalin mazaje daga koyon harbin baka. A 1744 aka rubuta dokokinsa na farko a Edinbura, a 1764 kuma filin St Andrews ya tsayar da ramukansa a 18, adadin da duniya ta bi daga baya. Turawan mulki da 'yan kasuwarsu ne suka shigo da shi Najeriya. Ƙungiyar golf ta Rayfield da ke Jos tana ɗauke da shekarar 1913, zamanin da haƙar kuza ta tara Turawa a tudun. A Legas akwai filin Ikoyi Club 1938, a Abuja kuma akwai filin IBB da ke Maitama. Wasan ya koma cikin gasar Olamfik a 2016 a birnin Rio na Barazil, bayan fiye da shekara 100 ba a yi shi a can ba.

Filin garinmu yana cikin tsofaffin nan. Ba shi da ƙawar waɗanda kuke gani a talabijin, amma dokar da ake bi a St Andrews ita ake bi a cikinsa.

Rami na farko

Mun isa da ƙarfe bakwai na safe, hazon hunturu bai gama washewa ba. Muka biya kuɗin baƙo a ofis, aka ba mu kati da fensir, aka haɗa mu da wani dattijo, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, wanda ya daɗe yana wasa a wurin. Kowannenmu aka ba shi kadi, wato mai ɗaukar jaka. Namu saurayi ne da ya gama sakandare, yana jiran shiga babbar makaranta.

Ramin farko awo 4 ne, mita 350 da 'yan kai. Ƙwararrun duniya kan wuce mita 270 da bugun farko. Mu in ta yi kyau, mita 180. Duk mai matsakaiciyar iyawa ya san fargabar mafarin farko: mutane na tsaye a barandar ƙungiya da kofin shayi, kowa ya yi tsit saboda al'adar wasan ce a yi shiru in wani zai buga, kai kuma ji kake kamar duk garin kai yake kallo. Muka buga. Ƙwallon ta tashi sak, sannan ta fara karkata dama, kamar yadda takan yi wa mafi yawan na-daman da ba su ƙware ba, ta je ta kwanta a gindin darbejiya. Dattijon ya buga tasa ba tare da wani ƙarfi ba. Ba ta kai tamu nisa ba, amma tana tsakiyar gwadabe.

A gindin darbejiyar muka haɗu da babbar dokar wasan: ka buga ƙwallo daga inda ta kwanta. Ba a tura ta da ƙafa, ba a karya reshe don a sami hanya. Tsakaninmu da tuta akwai wata 'yar kafa tsakanin itatuwa biyu, zuciya na cewa a gwada. Kadin ya girgiza kai, ya miƙo ƙarfe mai lamba 7, ya ce, "Yallaɓai, a fitar da ita gefe kawai." Muka bi shawararsa. Bugu na biyu ya mayar da mu gwadabe, na uku ya kai mu bakin farfajiya, muka gangara sau biyu. Biyar ke nan, bogi. Da mun bi ta kafar nan ƙwallo ta daki itace, da bakwai ko takwas ake magana. Yawancin bugun da ɗan wasa irinmu ke asara daga nan suke fitowa: bugu ɗaya ya ɓaci, sai a nemi rama shi da abin da ba a iya ba.

Yashi a madadin ciyawa

Abin da zai fara ba baƙo mamaki a tsofaffin filayen ƙasashe masu ƙarancin ruwa shi ne farfajiyar ramin. A talabijin kore ce shar, ciyawa ce da aka aske kamar darduma. Irin wannan ciyawa tana shan ruwa kullum, a wurin da rani ke ɗaukar wata shida ko bakwai kuwa hakan babban kuɗi ne. Shi ya sa tun zamanin Turawa aka yi dabarar shimfiɗa lallausan yashi a da'ira, a cakuɗa shi da mai don kada iska ta kwashe. Haka farfajiyoyin filin garinmu suke. Kafin ka gangara, sai a share maka hanya da wani faffaɗan katako daga ƙwallonka zuwa rami. Yashi yana riƙe ƙwallo fiye da ciyawa, don haka sai ka ɗan ƙara ƙarfi. In kun gama, a sake share wurin saboda masu zuwa a baya.

Hunturu ma yana da nasa hukuncin. Ƙasa ta bushe ta yi tauri, ƙwallo na faɗowa sai ta yi ta tsalle tana gudu, wani lokaci ta ƙara maka mita 30 kyauta, wani lokaci ta wuce da kai cikin ciyawa. A ramukan da ke fuskantar arewa maso gabas, iska na tokare ƙwallo, sai ka ɗauki sandar da ta fi wadda ka saba tsawo. Kadinmu yakan tsinki busasshiyar ciyawa ya watsa sama ya ga inda ta nufa kafin ya zaɓo sanda.

Ganye ɗaya, bugu ɗaya

A rami na bakwai ƙwallon dattijon ta shiga ƙarƙashin wani mangwaro, cikin busassun ganyaye. Muna can ɗaya gefen, tazarar da ta fi mita 50, muna neman tamu. Doka ta ba da minti uku kacal na neman ƙwallo. In ba a gan ta ba, sai a ƙara bugu ɗaya na tara, a koma inda aka bugo a sake. Muka yi sa'a kadi ya gano ta cikin lokaci.

Da muka gama ramin muka tambayi dattijon nawa za mu rubuta masa, domin a golf abokin wasanka ne ke riƙe katinka, kai kuma ka riƙe nasa. A lissafinmu biyar ya yi. Ya ce mu rubuta shida. Ya bayyana cewa lokacin da yake ɗauke wani ganye kusa da ƙwallon, ta ɗan mirgina. Doka ta yarda a kawar da ganye ko tsakuwa, amma in ƙwallo ta motsa saboda haka a wajen farfajiya, akwai tarar bugu ɗaya, kuma sai a mayar da ita inda take. Ba mu gani ba. Kadinsa ma yana kallon wani wuri. Motsin bai kai faɗin ɗan yatsa ba, kuma bai sauƙaƙa masa komai ba. Ya faɗi adadin, ya ɗauki sandarsa ya nufi mafari na takwas, bai tsaya jiran yabo ba.

Ku kwatanta da abin da muka saba gani a ƙwallon ƙafa, inda ɗan wasa zai faɗi a da'ira ba wanda ya taɓa shi, in alƙali ya ba da fanareti a ce ya iya wayo. A golf fili ya yi faɗi, 'yan wasa sun warwatsu, ba yadda za a yi a sa wa kowa ido. Ko a manyan gasa, inda akwai jami'an doka, ɗan wasa ne ake sa ran zai fara kai ƙarar kansa. Hatta in ka kai wa ƙwallo bugu da niyya ka sami iska, an lissafa, kuma kai kaɗai ka san ko da niyya ka kai ko gwaji kake yi.

Abin da tarihi ya riƙe

A gasar US Open ta 1925, shahararren ɗan wasan Amurka Bobby Jones ya ce ƙwallonsa ta motsa lokacin da yake shirin bugu a cikin ciyawa. Jami'ai ba su gani ba, amma ya dage sai an rubuta masa tara. Da aka kammala gasar sai ya yi kunnen doki da Willie Macfarlane, aka yi wasan raba gardama, Macfarlane ya ci. Bugu ɗayan nan da ya ɗora wa kansa yana cikin abin da ya raba shi da kofin. Har yau, labarin tarar ya fi sunan wanda ya ci kofin yawo a duniya.

Shi kuma Roberto De Vicenzo na ƙasar Ajantina, a gasar Masters ta 1968, ya yi bugu 3 a rami na 17 a ranar ƙarshe, amma abokin wasansa ya rubuta masa 4. Ya sa hannu a katin bai duba da kyau ba. Dokar ita ce, in ka sa hannu a kan adadin da ya fi na gaskiya yawa, haka zai zauna. In kuma ya gaza na gaskiya, ana iya korar ka daga gasar gaba ɗaya. Haka ya rasa damar karawar raba gardama da Bob Goalby, a ranar da ya cika shekara 45 da haihuwa. Ɗalibin da ke miƙa takardar jarrabawa bai sake karantawa ba, ya riƙe wannan.

Yadda rago ke karawa da gwani

Mun kammala ramuka 18 cikin awa huɗu da 'yan mintoci, bayan tafiyar ƙasa da ta haura kilomita 7. Katinmu ya nuna 96, na dattijon 84, a filin da awonsa 72 ne. A ido ya ba mu ratar 12. Amma golf yana da wani tsari da ake kira handikaf, wato rangwamen bugu da ake ba kowa gwargwadon iyawarsa. A tsarin bai-ɗaya da duniya ta fara amfani da shi a 2020, ana duba wasanninka 20 na baya-bayan nan, a ɗauki 8 mafi kyau a fitar da matsakaicinsu, kuma rangwamen ba ya wuce 54. A ranar, namu 23 ne, nasa 12. In an cire, mu 73, shi 72. Da bugu ɗaya ya ci mu. Da ya yi wani kuskuren ɗaya a ramukan ƙarshe, da ganyen mangwaron nan ya hana shi nasara, kuma ya san haka tun lokacin da ya ce a rubuta shida.

Wannan tsari ne ke sa jika ya kara da kakansa, sabon shiga ya kara da tsohon hannu, kowa da damar ci. Amma gaba ɗayansa a kan amana ya tsaya. Wanda ke rage adadinsa don a ce ya iya, rangwamensa zai ragu, ranar gasa kuma a bar shi da iyawarsa ta gaskiya ya sha kunya. Wanda ke ƙara adadi da gangan don ya sami rangwame mai yawa, ba a daɗewa ake gane shi, ya rasa abokan wasa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Haka yake ga mai satar amsa: sakamakon da ya fi ƙarfin iliminsa zai kai shi ajin da ba zai iya zama a ciki ba, shi kuma bai san inda rauninsa yake ba balle ya gyara. Mu 96 ɗinmu ta gaya mana gaskiya: bugu 38 a farfajiya muka yi su, can ne aikinmu yake kafin mako mai zuwa.

Ƙofar da ba ta gaba ba

Wanda ya fi kowa sanin filin a cikinmu shi ne kadin, wanda ba shi da sanda ko ɗaya tasa ta kansa. Ya san nisan kowace bishiya zuwa tuta, ya san inda ƙasa ta karkata. Muna jira a wani mafari muka ba shi aron ƙarfe ya gwada, sai ga bugu sumul wanda mu ba mu yi irinsa ba duk ranar. Ya ce da kallo ya koya, da kuma wata tsohuwar sanda da suke karɓa-karɓa shi da abokansa da yamma.

Wannan tsohuwar hanya ce. Da yawa daga ƙwararrun 'yan golf na Najeriya da ɗaukar jaka suka fara. A waje ma haka ne. Seve Ballesteros na Sifen ya fara ne a matsayin kadi, yana koyo da ƙarfe ɗaya a bakin teku, ya zo ya ci manyan kofuna biyar. A 1913 kuwa, wani tsohon kadi ɗan shekara 20 mai suna Francis Ouimet ya doke manyan gwanayen Birtaniya, Harry Vardon da Ted Ray, ya ɗauki kofin US Open a filin da ke tsallaken titin gidansu. Yaron da ya ɗaukar masa jaka shekararsa 10.

Idan kuna son gwadawa

Kada ku tsallaka shinge, domin ƙwallon golf tana da tauri kuma tana iya yi wa mutum mummunan rauni. Ku nemi izinin iyaye, sannan ku roƙi malamin wasanni ya rubuta wa sakataren ƙungiyar garinku takarda yana neman a ba ɗalibai damar ziyara, ya kuma tambaya ko suna da shirin koyar da yara lokacin hutu. Ba sai kun sayi komai ba. Ƙarfe ɗaya na aro, mai lamba 7, ya ishi mai koyo watanni. Ku sa riga mai kwala da takalmin wasanni, ku riƙe ruwan sha da hular rana. 'Yan mata ma wasansu ne, akwai mafarinsu da gasanninsu.

In kun shiga, ku tsaya nesa da mai bugu, ta gefen da yake fuskanta, kada ku tsaya gabansa. Ku yi shiru har ya gama. In kun ji an ƙwala kira da ƙarfi, gargaɗi ne cewa ƙwallo na tafe, ku duƙa ku kare kai. In kun shiga kwarin yashi ku share sawunku kafin ku fita. Wanda ya ɗaukar muku jaka ku girmama shi, a kuma biya shi haƙƙinsa.

Ranar farko za ku kai bugu ku sami iska, wataƙila sau da yawa. Kowa haka ya fara. Ku ƙirga shi, ku rubuta adadin yadda yake, ko da 12 ne a rami mai awo 4. Daga wannan 12 ɗin ne za ku gane ranar da kuka sauko 9, kuma ranar ba wanda zai iya ce muku ba taku ba ce.